Zanen gadon amarya: yadda ake gane auduga ta gaske a Kwari, da wankin da ke sa ta daɗe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin aurar da 'yata bayan Babbar Sallah, muna cikin haɗa kayan ɗaki. Na shiga Kantin Kwari neman zannuwan gado, kowane mai shago ya rantse nasa kotin ne zalla. Wani ya nuna mini leda an rubuta 1000 TC, wani ya ce nasa na Misira ne. Waɗanda na saya wa yayarta kuwa ba su rufa shekara ba suka yi gashi, fararen suka koma ruwan ɗorawa. Yaya zan gane mai kyau, guda nawa zan saya, kuma yaya za ta riƙa kula da su? Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

Na yi aiki a sashen duba yadi na wata masaƙa a Bompai kafin ta rufe, yau kuma zanen gado nake sayarwa a Kwari, saboda haka wani abin da zan faɗa ba zai yi wa maƙwabtana daɗi ba. Amma tunda kin tambaya, amana ce.

Ki fara da raba kuɗinki gida biyu. Akwai zanen ado, akwai zanen kwana. Na ado shi ne mai duwatsu da leshi da ƙyalli, wanda 'yan jere za su shimfiɗa, 'yan ganin ɗaki su yaba, a ɗauki hoto. Wannan da ido ake sayensa, ɗaya ko biyu sun isa, kuma ba ruwanki da ko auduga ce ko roba, tunda ba a kansa za a kwana ba. Inda iyaye mata suke tafka asara shi ne su zuba mafi yawan kuɗin a kan na ado, sannan su cike gurbi da dozin na masu araha domin sif ta cika a idon dangin ango. Zanen da jikin 'yarki zai taɓa kowane dare shi ya cancanci kuɗin, a kansa kuma maganata za ta tsaya.

Kafin a yi zancen mai kyau ko maras kyau, sai an tabbatar audugar ce ma. Da yawa daga cikin zannuwan da ke zuwa a ɗinke cikin leda, masu taushi tun a shago, masu hasken fenti, poliyesta ne, wato yadin roba, da aka yi wa zare siriri ƙwarai, aka goge fuskarsa har ya yi laushi. Tafin hannu yana ruɗuwa da shi, amma bayan mutum ba ya ruɗuwa. Auduga tana riƙe danshi kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta ba tare da an ji ta jiƙe ba, poliyesta kuwa bai kai kashi 1 ba. Ga mai esi da wutar da ba ta yankewa, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma ki tuna daren Afrilu a garin nan, an wuni zafi ya haura maki 40, bango ya sha rana, an ɗauke wuta ƙarfe ɗaya, fanka ta tsaya. A kan auduga gumin yana shiga zane ya bushe. A kan roba yana nan kwance tsakanin fata da yadi har asuba, daga nan sai ƙurajen zafi. In hunturu ya shigo kuma shi ne zanen da ke tartsatsi yana manne wa ƙafa, yana jan ƙura.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta. In yadin a bandir yake, ki roƙi a yanko miki ɗan ƙyalle daga gefe. In ɗinkakke ne, a zaro 'yan zare daga cikin kalmasa. Kada ki kunna ashana a cikin shago, kasuwar ta sha gobara, ba wanda zai yi miki uzuri. Ki tafi da shi gida, ki riƙe shi a kan faranti ki kusantar da wuta. Auduga tana kamawa nan take, ta ci da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi wadda ke murmushewa a yatsa. Poliyesta yana janyewa daga wutar tun ba ta taɓa shi ba, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar dunƙule mai tauri da ba ya murƙushuwa. In an gauraya su za ki ga duka biyun: toka da ɗan tauri a bakinta. Mai shagon da ya hana ki ƙyalle ya riga ya ba ki amsa. In kuma babu halin wannan, ki damƙe gefen zanen a hannu na ɗan lokaci ki saki. Auduga tana yamutsewa, layin ya zauna. Wanda ya miƙe sumul kamar ba a taɓa shi ba, akwai roba a ciki. Yamutsewar nan da wasu ke ƙi, ita ce shaidar.

To an tabbatar auduga ce. Me ya sa wata take shekaru tana ƙara laushi, wata kuma take yin gashi kafin azumi ya zagayo? Amsar tana cikin tsawon silin audugar, wato ɗan gashin nan da ake gurzawa daga jikin iri. Kusan kashi 90 cikin 100 na audugar duniya iri ɗaya ce, mai sili kimanin inci ɗaya ko da ɗan ɗoriya, kuma danginta ne ake nomawa a wajen Funtua da Malumfashi da Gusau. Ba ta da laifi, ana yin yadi nagari da ita. Akwai kuma wani iri mai dogon sili, daga inci 1 da 3/8 zuwa sama, wanda bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da ake nomawa ba. A cikinsa ake samun Giza ta Misira da Pima ta Amurka da Peru. In aka murza zare da gajeren sili, kawunan silin suna leƙowa ko'ina a jikin zaren. Gogayyar jiki da wanki su ne ke tayar da su, su nannaɗe su zama ƙulle-ƙullen da kika gani a zannuwan babbar 'yarki. Dogon sili yana ba da zare siriri, mai santsi, mai ƙarfi, kawunansa kaɗan. Masaƙun kirki kuma sukan taje audugar da inji su zubar da gajerun kafin a kaɗa zare, shi ya sa tajajjiya ta fi tsada, don an zubar da wani kaso nata.

Kin riga kin san wannan a shadda. Kin san wadda ke fita daga wanki na goma da maiƙonta da nauyinta, kin san wadda ke zubar da kyanta a ruwan farko ta koma tsumma. Idon da kike zaɓen shaddar Alhaji da shi, shi za ki shiga da shi layin zanen gado.

Game da na Misira kuwa, ki yi hattara. Rubutu a leda ba shi da wuyar bugawa. A shekarar 2016 babban kantin nan na Amurka, Target, ya yanke hulɗa da kamfanin Welspun na Indiya, ɗaya daga cikin manyan masu ɗinka kayan gado a duniya, bayan ya gano cewa zannuwan da aka sayar da sunan audugar Misira ba ita aka yi amfani da ita ba. In aka iya yi wa masu ɗakin gwaji da lauyoyi haka, me zai hana a yi wa kwantenar da aka sauke a Kwari? Kuma ko da audugar daga Misira ta fito, ba duk abin da ake nomawa can ne mai dogon sili na ƙarshe ba. Audugar Misira ta gaske tana da tsadar da ba ta ɓoyuwa. In farashinsa bai yi nisa da na maƙwabcinsa a kanta ba, sunan kawai kika saya.

Lambar nan ta 1000 TC ita ma haka. Abin da take nufi shi ne yawan zaren da ke cikin murabba'in inci ɗaya na yadi, na tsaye da na kwance a haɗe. Inci ɗaya wuri ne ƙarami, akwai iyakar abin da zai ɗauka. Zanen kirki mai zare ɗaiɗai yana zama tsakanin 200 da 400, a kai 500 ko 600 sai da zare siriri ƙwarai. Yadda ake kaiwa dubu shi ne a murɗa raunanan zare uku ko huɗu wuri ɗaya, a saƙa su a matsayin ɗaya, sannan wajen ƙirga a ƙirga kowane da kansa. Yadi mai 250 ya zama mai 1000 a takarda. Sakamakon shi ne zane mai nauyi, cunkusasshe, iska ba ta ratsa shi, wato akasin abin da mutumin Kano yake bukata. Wani lokaci ma ba a yi wahalar murɗawar ba, lambar kawai aka buga a kan poliyesta. Ni da za a ajiye mini mai 300 na tajajjiyar auduga da mai 1000 da ban san asalinsa ba, na farkon zan ɗauka, ko da kuɗinsu ɗaya.

Saƙa iri biyu za ki fi gamuwa da su. Akwai ta ɗaya bisa ɗaya, zare ya hau ɗaya ya shige ƙarƙashin ɗaya, wadda a leda ake rubuta mata percale. Ba ta sheƙi, tana da ɗan kauri a hannu da farko, tana yamutsewa, amma ita ce mai sanyi a jiki, ita ce mai juriyar wanki. Akwai kuma mai fuskar satin, inda zare ke tsallake uku ko huɗu kafin ya nutse. Tana da santsi da ƙyalli, ta fi ɗaukar ido, ta fi ɗumi, kuma da yake zarenta a kwance yake a sama, farce ko awarwaro ko kaushin dunduniya suna saurin jan sa. Ga ɗakin da fanka ce abin dogaro, ta farkon nake ba da shawara. Mai satin ɗin ki sa ɗaya a ciki domin sanyin Disamba da Janairu.

A cikin shagon ma akwai abin da za ki iya yi ba tare da kin ɓata wa kowa rai ba. Ki ce a fito miki da shi daga leda, ki ɗaga shi wajen haske. Saƙa mai kyau tana tafiya daidai, ba inda ya yi kauri ba inda ya yi rariya. Ki kama wuri ɗaya ki cuɗa shi tsakanin hannu biyu yadda ake wanki, sannan ki karkaɗe. In farin gari ya zubo, ko wurin ya yi sako-sako fiye da kewayensa, sitaci aka ɗura masa don ya yi nauyi, kuma ruwan farko zai tafi da shi. Ki tafi da farin hankici a jaka, ki ɗan jiƙa shi, ki goga a wurin da ya fi duhun launi. In hankicin ya ɗauko, zanen zai yi zuba. Ki juya bayansa: in gaba ja ne jawur baya kuma fari fat, fenti ne aka buga a fuska, zai koɗe da wuri. Daga ƙarshe ki duba ɗinkin kalmasa, ki ja kaɗan. Telan da ya yi manyan taku don ya gama da wuri, a wanki na uku za ki san shi.

Shawarata ma, in kina da tela mai hankali, ki sayi yadin a bandir ki ba da ɗinki. Kin ga abin da kika saya da idonki, kin gwada shi, kuma za a yanka shi daidai gadon. Maganar awo ita ce wadda kusan kowa ke mantawa. An ce zane na gado shida da shida ne, amma ba a tambayi kaurin katifar ba. Mu lissafa: ƙafa shida inci 72 ne. In kaurin katifar inci 10 ne, zanen zai sauka 10 ta nan, 10 ta can, an kai 92. Sai abin da za a cusa ƙarƙashi, a ce inci 8 kowane gefe, an kai 108, wato yadi uku cif. Auduga kuma tana shiga da kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko, sai a ƙara mata inci huɗu ko biyar. Kin ga yadin da faɗinsa inci 90 ne ba zai ma rufe gefen wannan katifar ba, balle katifun amare na yanzu masu inci 14 da 16. Shi ya sa ake tashi da safe a ga zane ya tattare a tsakiya. Ki auna katifar da za a kai ɗakin da tef, faɗi da tsawo da kauri, ki riƙe a takarda. In yadin bai kai faɗi ba, tela ya ƙara masa ta gefe biyu inda ɗinkin zai faɗa a jikin katifa, kada ya haɗa a tsakiya inda za a kwanta. Wanda ake sa wa roba a kusurwa yana da daɗin shimfiɗa, sai dai robar ce ke fara mutuwa a ranar Kano, don haka a ɗinka ta yadda za a iya zare ta a sake wata. Kuma a jiƙa yadin ya bushe kafin almakashi ya taɓa shi.

Guda nawa? Zanen kwana guda uku masu kyau, huɗu in da hali: ɗaya a gado, ɗaya a wanki, ɗaya a sif. Rigunan filo kuwa ki ninka, kowane zane da huɗu, domin su ne ke shan man gashi da man fuska, su ne ke fara mutuwa. A launi, fari shi ne mai gaskiya, yana nuna datti, yana jure ruwan zafi, amma yana son mai kula. Ga amaryar da ke fara koyon gida, da ƙurar garin nan, ruwan toka mai haske, ruwan madara ko sararin samaniya sun fi rufa asiri. Masu duhu sosai suna koɗewa, suna kuma nuna kowane ɗan zare. In tana son na rini irin na Ƙofar Mata, yana da kyau ƙwarai a kan farin kotin, sai dai baba yana sakin shuɗi a wankin farko-farko, a ware shi shi kaɗai.

Manyan barguna masu cushe da ake yayi yanzu, abin da ke cikinsu kusan kullum audugar roba ce, kuma in ba ɗakin esi ba, amfaninsu bai wuce makonnin tsakiyar hunturu ba. Ɗaya ya isa, a yi masa riga ta kotin mai zif ko maɓalli, a riƙa wanke rigar a bar cushen. Ni dai har gobe ban ga abin rufa da ya dace da sanyinmu kamar luru ko gwado na saƙar hannu ba, kuma ana samunsu a Kurmi. Filon audugar rimi kuwa ba a wanke shi, a rana ake baza shi a bubbuge.

Yanzu kula. A nan nake so ki zaunar da amarya, domin yawancin zannuwan da ake dawo mana da ƙorafinsu ba kwanciya ce ta kashe su ba, wanki ne.

Sabon zane a wanke shi kafin a kwanta a kai, shi kaɗai, a ruwan sanyi da sabulu kaɗan, don a fitar da sitaci da ragowar rini da ƙurar sito. Jiƙa shi da gishiri da ake cewa yana kama launi ba ya cutarwa, amma ba ya gyara rinin da tun a masaƙa bai kama ba. Daga nan a riƙa sauyawa duk mako. A bazara, ko in akwai mai mura ko ƙuraje a gidan, duk kwana uku ko huɗu. Dalili shi ne gumi da maiƙon jiki da basilin da man kaɗanya suna shiga cikin zare, in suka daɗe sai su tsufa su canza launi. Ruwan ɗorawar da kika gani rabinsa daga nan yake.

Ɗaya rabin daga bilic ne, irin su Hypo da Jik. Mata suna ganin fari ya fara dushewa sai su ƙara murfi biyu, su bar shi ya kwana a baho. Bilic yana cin jikin auduga a hankali, zanen ya yi ta raguwa har wata rana a ja shi ya yage a tsakiya. Sannan in ya haɗu da tabon gumi yana ƙara masa rawaya maimakon ya fitar da shi. In kuma ruwan gidan na rijiya ne ko burtsatse mai ƙarfe a ciki, irin wanda ke barin jan tabo a bokiti, bilic yana sa tsatsar ta zauna a yadi. In ya zama dole, a tsinka shi sosai a ruwa kafin a saka zanen, minti biyar zuwa goma, a ɗauraye da kyau, kuma ba kowane wanki ba. Kada a taɓa haɗa shi da ruwan khal ko maganin wanke masai, iskar da ke tashi guba ce.

Abin da ya fi bilic ga farin zane yana cikin kicin ɗinki. Auduga tana jure abu mai kanwa-kanwa, tsami ne take tsoro. A jiƙa farar kanwa kaɗan, a tace ruwan sosai kada tsakuwa ko ƙasa su bi, a zuba a ruwan ɗumi da omo, a jiƙa zanen rabin awa zuwa awa ɗaya. Kanwar tana narkar da maiƙo, tana kuma tausasa ruwan zartsi wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, abin da unguwanni da yawa ke fama da shi tunda aka koma sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa. Wannan na fari ne da masu haske, ba na masu rini ba. A ɗaurayar ƙarshe a ɗiga bula kaɗan, a narkar da ita tukuna don kada ta yi dabbare-dabbare. Omo kuma kada a cika shi. Wanda bai fita ba yana bushewa a cikin zare, zanen ya yi tauri, ya riƙa ƙaiƙayi. Gara omo kaɗan da ɗauraya uku. Ruwan ƙamshin nan mai sa laushi ma a yi masa sannu, yana lulluɓe zare da maiƙo har auduga ta rage shan gumi, abin da aka saye ta dominsa.

Tabo kowane da maganinsa, kuma saurin kai hannu ya fi kowane magani. Jini ruwan sanyi ne kawai, na zafi yana dafa shi ya zauna har abada. In ya bushe a farin zane, a ɗiga haidurojin na kemis, ya yi kumfa, a ɗauraye. Man gashi da humra da turaren mai, a shafa sabulun ruwa na wanke-wanke a wurin, a bar shi ɗan lokaci, a wanke da ruwan ɗumi. Tsatsa, lemon tsami da gishiri a rana, sannan a ɗauraye sosai saboda tsamin. Lalle kuwa, musamman baƙi, rigakafi ne maganinsa: daren da aka yi ƙunshi a shimfiɗa tsohon zani a kai. Wasu mayukan ƙurajen fuska suna cinye launin rigar filo su bar farin tabo da ba ya gyaruwa, mai shafa su ta yi amfani da farar riga.

In injin wanki ne, zafin ruwa maki 40 ya isa a kullum, 60 ga farare ko bayan rashin lafiya. Kada a cusa injin ya cika, kada a haɗa da tawul ko wandon jins mai zif. In kuma mai wanki da guga za a ba wa, a gaya masa da baki: ban da buroshi mai tauri, ban da bugawa a siminti, ban da sitaci. Buroshin nan shi ke tayar da gashi ko a yadi mai kyau. Sitaci kuwa na manyan kaya ne, a zanen gado yana toshe saƙa, yana kuma kiran kyankyaso a sif.

Rana tana da amfani, tana kashe wari, tana ƙara wa fari haske, amma ranar Kano ba a bar mata kaya. Zanen da aka shanya da hantsi a bazara kafin azahar ya bushe, a kwashe shi. Barinsa har la'asar kullum yana ƙona zare yana cinye launi. Masu launi a juya bayansu, a nemi inuwa mai iska. Igiyar waya tana tsatsa, a goge ta ko a sauya da ta roba. A hunturu a shanya da sassafe a kwashe da wuri kafin ƙura ta sauka a kan danshi. A damina, musamman Agusta, matsalar ita ce a ninke shi da sauran laima: kwana biyu a sif sai ga ɗigon baƙin fumfuna, kuma shi ba ya fita gaba ɗaya. Guga ta fi kama auduga tana da ɗan danshi, da dutse mai zafi sosai. In na gawayi ne a kula da tartsatsi, a goge ƙasansa tukuna.

Wajen ajiya, a fitar da su daga ledar da suka zo a ciki, leda tana tara gumi. A ninke zane da rigunansa a cusa cikin rigar filo ɗaya, saitin ba zai rabu ba. Kada su jingina da akwatin ƙarfe ko da ɗanyen katako. Wanda aka wanke a sa shi ƙasa, a ɗauko na sama, don su tsufa tare. Turaren wuta a kan kabbasa ba laifi, amma na ɗan lokaci, kuma kada a fesa turaren mai kai tsaye a kan fari. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai shi ne kafur, ƙwallayen nan farare da ake jefawa cikin kaya. In Allah ya kawo rabo, a nisanta shi da zanen gado da kayan jariri baki ɗaya. Akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, yana fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani, kuma likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi a kai. A lokacin ne kuma za a bukaci ledar katifa, a shimfiɗa ta a ƙasa, a ɗora kotin mai kauri ko akoko a kai, sannan zane.

Ba na amarya ba, amma don ɗakin yara ko na baƙi a gidanki, kada ki raina gwanjon Ƙofar Wambai. Sau da yawa ana tsintar kotin na gaske a can wanda ya fi sabon cikin leda. Ki ɗaga shi a rana ki duba tsakiya, nan yake fara sirancewa, ki auna shi don gadajen Turai ba awonmu ba ne, kuma kafin ya shiga ɗaki ya sha ruwan zafi da guga saboda kuɗin cizo.

Zanen kirki ma a tsakiya yake ƙarewa, gefunansa suna nan da ƙarfinsu. A riƙa juya shi wajen shimfiɗa, kai ya koma ƙafa, don wuri ɗaya kada ya ɗauki nauyin duka. In tsakiyar ta fara nuna haske, kada a jira ta yage: a kai wa tela ya yanke wurin, ya fitar da rigunan filo daga gefunan, ko ya haɗa su ya yi zanen ƙaramar katifa.